Bayan an sallami majinyaci, wa zai tayar da shi tsaye?

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, bayan ƙudirin da Sanata Sunday Marshall Katung ya ɗauki nauyinsa ya samu shiga. Mutanen Kudancin Kaduna sun yi murna, kuma murnar tana da dalili. Shekara da shekaru, duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin gari sai dai a sa shi a mota a haura da shi Jos, ko a miƙa Kaduna, ko a zarce Shika, wasu ma a hanya rai yake yin halinsa. Tun daga lokacin, hirar da ake yi a tasha da bakin coci da teburin mai shayi duk ta likitocin tiyata ce, da na'urar wankin ƙoda, da ɗakin masu tsananin ciwo. Akwai sashe guda da ba kasafai ake jin sunansa a wannan hira ba, shi ne sashen fisiyo, wanda aka fi sani da gashin ƙashi.

Asibitocinmu abu biyu suka iya ƙirgawa: wanda ya rasu da wanda aka sallama. Wanda aka sallama kuwa, ko da ƙafarsa ya taka ya fita, ko ƙarti huɗu ne suka ciccibe shi a bargo suka shimfiɗa a bayan mota, a layi ɗaya ake rubuta su. Abin da ba a ƙirga ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi, ba a ɗaukar masa ma'aikata, kwamishina ba ya tambayar labarinsa.

Akwai wani dattijo manomi da na sani a wata unguwa da ke gindin dutsen Kagoro. Yana tsakiyar huɗa da damina ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin dama ya saki. An kai shi asibiti, an sauke masa hawan jini, an ceci ransa, sannan aka sallame shi da ƙullin magani da shawarar a riƙa ɗan motsa masa hannu. Iyalinsa sun yi duk abin da ƙauna ta ce su yi. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakin ƙurya, aka hana shi ko ɗaukar kofi, matarsa na ba shi abinci a baki, ana shafa masa man zafi safe da yamma, matan zumunta suna zuwa addu'a. In za a tayar da shi zaune, sai a kama shanyayyen hannun a ja. 'Yarsa da ke sakandare ta daina zuwa makaranta don a samu mai zama da shi. Kafin a gama girbi yatsun hannun sun dunƙule ba sa buɗuwa, kafaɗar ta zame daga mazauninta tana masa azaba, dunduniya ta ƙage ba ta taɓa ƙasa, gyambon kwanciya ya fito a ƙugu. Ciwon ya yi tasa ɓarnar a rana ɗaya. Ragowar duk kwanciya ce ta jawo.

Abin da likitan fisiyo zai yi a wannan ɗaki ba ya buƙatar wutar lantarki, balle na'urar da aka yi odarta daga Jamus. Zai fara da hana jan hannun nan. Zai nuna wa uwargida yadda ake juya majinyaci duk bayan awa biyu, da inda ake sa matashi don ya tallafi kafaɗa. Sai ya sa a ɗaga shimfiɗar daga ƙasa zuwa gado ko benci, domin tashi daga katifar ƙasa ko mai lafiya yana jin jiki. Ya zaunar da dattijon a bakin gado, tafin ƙafa biyu a ƙasa, an ɗan ja su baya ƙarƙashin gwiwa, ya sa shi ya sarƙe yatsun hannu biyu, mai lafiya ya riƙe marar lafiya. Shi kuma ya tokare gwiwar majinyacin da tasa gwiwar don kada ta lanƙwashe. Za ka ji yana cewa, “Baba, sunkuyo gaba, hanci ya wuce gwiwa. To, bismillah, tashi.” A tashi, a tsaya, a karkata nauyi kan ƙafar da ba ta so, a koma a zauna a hankali, ba a faɗa ba. A sake. Gobe ma a sake, har jikan gidan ya haddace ya zama shi ne mai ƙirgawa. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana iya buɗe sabbin hanyoyi, amma da maimaici take koyo, kuma mafi yawan abin da zai dawo a watanni uku zuwa shida na farko yake dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka kawo bayan shekara biyu, a lokacin da an sayar da akuya da buhunan citta an zaga masu magani, ana iya rage masa wahala, amma an riga an yi asarar lokacin da ya fi tsada.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa ba baƙuwa ba ce a nan. Babban binciken nan na SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo ta. Kuma tana kama mutanenmu da sauran ƙarfinsu, suna noma, suna biyan kuɗin makaranta.

Ba manya kaɗai ba

Ranar asibitin yara a kowane sashen fisiyo a Arewa, layin iyaye mata ne da goyo. Ga yaron da ya daɗe a hanya wajen haihuwa bai yi kuka da wuri ba, ga wanda shawara ta kama a makon farko aka tsaya ana shanya shi a hantsi har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ga wanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai ya bari wuyansa bai tsaya ba. Ga jaririn da aka ja kafaɗarsa wajen fitowa, hannu ɗaya ya zo a sake. Ga wanda aka haifa da ƙafa a murɗe, wanda in an fara ɗora masa filasta tun yana makonni ana gyara ƙafar ba tare da babbar tiyata ba, in an bari kuwa da gefen ƙafa zai yi tafiya har tsufa. Sannan ga wanda ya fi ba ni takaici: yaro lafiyayye da aka kai kyamis don zazzaɓi, aka soka masa allura a tsakiyar ɗuwawu maimakon can sama ta gefen waje, ta sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, ya tashi yana jan ƙafa. Wannan nakasa ce da hannu ake yin ta, kuma likitocin fisiyo ne suka fi kowa ganin ta, don haka su ya kamata a fi ji a rediyo suna gargaɗi a kanta.

An yi bikin kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, bayan Najeriya ta ga na ƙarshe a Borno a 2016. An kashe maƙudan kuɗi a rigakafi, kuma sun cancanci kashewa. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan a raye, kafaɗunsu suna gajiya da sanda da keken hannu, kuma kamfen ɗin bai bar musu wani tsari ba.

Sai kuma ciwon da kowa ke fama da shi har an daina ɗaukarsa ciwo. Mai noman citta a Kachia ko Jaba, mai tayar da kunyar doya da garma, matar da ke ɗauko itace daga kan dutse, ɗan acaɓa da ke wuni a kan hanya mai ramuka, duk ciwon baya da ƙugu da gwiwa ne abincinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ƙasan baya shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya, ya shafi mutum miliyan 619 a 2020. Maganinsa a ƙauye shi ne haɗin da mai kyamis zai ƙulla a leda, diklofenak da ibuprofen a haɗe, a sha da safe kafin a karya. Wasu samari kuma sun zarce zuwa tramadol don su iya ƙwadago. Daga nan sai gyambon ciki, sai ƙoda. Wato wani kaso na mutanen da za su yi layi a na'urar wankin ƙodar da ake ɗoki, tun daga ciwon bayan da ba a kula da shi ba suka kamo hanya.

Sana'ar da yaƙi ya kawo

A 1945 aka fara aikin fisiyo a Najeriya, lokacin da aka kawo Turawan Ingila biyu, Miss Manfield da Mista Williams, asibitin ƙashi na Igbobi a Legas don su kula da sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu, musamman fagen daga na ƙasar Bama, inda 'yan Arewa da yawa suka yi yaƙi. A 1959 aka kafa ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa a Ibadan, cikin jagororinta akwai Dokta T. A. Oshin, a 1966 kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin. Hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, da Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988 aka kafa ta. A Arewa, makarantar fisiyo ta fara ne a asibitin ƙashi na Dala a Kano kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero, daga baya Jami'ar Maiduguri ta bi sahu. Duk da wannan dogon tarihi, masu aikin a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 'yan dubbai ne kawai, kuma jirgi na kwasar su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya.

Kudancin Kaduna na da nata raunukan yaƙin, ko da ba a kira shi yaƙi ba. Rikicin bayan zaɓen 2011 a Kafanchan da Zonkwa, harin Madamai a Satumbar 2021, na Agban da ƙauyukan kewayen Kagoro a Maris ɗin 2022, na Malagum a Disambar 2022, kowanne an faɗi adadin gawarwaki, an yi jana'iza, manya sun zo jaje da buhunan shinkafa. Wanda harsashi ya farfasa wa cinya, wadda aka sara a hannu jijiya ta tsinke, yaron da ya ƙone fatar ta warke ta ɗaure masa gwiwar hannu, wanda aka yanke wa ƙafa yana jiran a shirya dungun kafin a sa ta roba, babu wanda ya san yawansu. Musulmi da Kirista duk akwai su a ciki. Kayan agaji na ƙarewa a mako biyu, su kuwa waɗannan aikin watanni ne a gabansu, wani lokaci shekaru.

Ina aka bar shi a takarda?

Sanarwar Alma-Ata ta 1978, wadda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya gina tsarin lafiya matakin farko na Najeriya a kanta, ayyuka huɗu ta lissafa: inganta lafiya, rigakafi, warkarwa, da farfaɗo da wanda ciwo ya nakasa. Ukun farko sun samu ofis da mota da ma'aikata. Na huɗun ya tsaya a takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, Jihar Kaduna kuma ta ɗauki tsarin gyara cibiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255. Shiga irin wannan cibiya za ka tarar da ɗakin haihuwa da firjin rigakafi da ma'aunin jarirai. Ka tambayi inda ake koya wa mai shanyewar jiki tafiya, sai a kwatanta maka hanyar babban asibiti. Likitocin fisiyo na jihar kuwa sun fi taruwa a Shika da Barau Dikko da asibitin sojoji na 44, duk a Kaduna da Zariya.

Duniya ta riga ta motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin farfaɗowa na 2030 a Fabrairun 2017. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a ƙarshen 2020 ya ƙiyasta mutum biliyan 2.4 ne ke da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfana, kusan mutum ɗaya cikin uku. A Mayun 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙudirinsa na farko a kan batun, yana kiran ƙasashe su saka shi cikin matakin farko da inshorar lafiya. Najeriya mamba ce. Amma ƙudirin da aka zartar a Janeba ba ya ɗaukar ma'aikaci a ƙaramar hukumar Kaura. Wanda ke ɗauka shi ne wanda ke rubuta jerin guraben aiki, kuma wannan jeri a shekarun farko na sabuwar cibiya ake tsara shi. In aka sa guraben fisiyo biyu a Kafanchan aka ba su wani ɗaki a bayan ɗakin ajiye kaya, to haka za a zauna shekara ashirin ana rubuta takardar koke. Cibiyar tarayya na iya karɓar sababbin masu digiri su yi shekarar horonsu ta dole, kuma yaran da ke gama karatu suna yawon neman gurbin wannan horo kamar su yi kuka. Gida mai ruwa da wuta da albashi a kan lokaci ya isa ya jawo su, wasunsu ma 'yan yankin ne da ke son dawowa kusa da iyaye.

Inshora ma haka. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, Kaduna kuma tana da hukumarta, KADCHMA. Sai dai fisiyo ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya a tafi, kuma tsarin da ya biya wa mai shanyewar jiki zama kaɗan ya tsaya bai san ciwon ba.

Abin da Kagoro ke da shi

Nan ne nake ganin Kagoro na da abin da wurare da yawa ba su da shi. Tun zamanin mishan na SIM garin ya zama wurin horar da mutane a tura su ƙauyuka, kuma har yau Kwalejin Fasahar Lafiya ta ECWA da ke garin tana yaye ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda su ne ainihin likitocin karkara, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Kafanchan kuma ga kwalejin jinya da ungozoma ta jiha. Babu ranar da za a samu likitan fisiyo a kowace mazaɓa, ba a wannan zamani ba. Amma ana iya koya wa kowane ɗalibin waɗannan makarantu abubuwa kaɗan da zai riƙe har ya yi ritaya: yadda ake kwantar da mai shanyewar jiki da juya shi, yadda ake gane jaririn da wata huɗu ya wuce wuyansa bai tsaya ba, da cewa ƙafar da aka haifa a murɗe a makon nan ake tura ta, ba sai yaro ya fara tafiya ba. Zumuntar mata a coci-coci da makarantun Islamiyya na matan aure a Kafanchan sun riga sun san gidan da ke da majinyaci a kwance, domin su ne masu zuwa dubiya. In mace biyu a kowace ƙungiya suka iya juya majinyaci da zaunar da shi, gyambon kwanciya zai ragu a unguwa.

Na san wasu likitocin fisiyo ba sa son wannan magana. Suna tsoron a buɗe ƙofa ga 'yan bumburutu, kowa ya sayi fitilar gashi da injin tausa ya kafa allo. Tsoron yana da tushe, domin masu irin wannan allo sun riga sun cika gari. Amma maganinsa shi ne su da kansu su rubuta abin da za a koyar, su ja iyakar inda ƙaramin ma'aikaci zai tsaya ya tura gaba, su riƙa zagayawa suna dubawa. Ƙin koyarwa bai hana kowa taɓa majinyaci ba, ya dai bar shi a hannun wanda bai san komai ba.

Haka batun masu ɗori. Mutane na zuwa wurinsu saboda suna kusa, suna karɓar kaza ko biya kaɗan-kaɗan, kuma suna zama su saurari mutum. Ɓarnar da aka sani ita ce ɗaurin da ya matse har jini ya daina zagayawa, yatsu su yi baƙi, a ƙare a yanke hannun yaro, da kuma gaɓar da aka ɗaure wata da watanni har ta sandare. Zagin su a taron bita bai rage musu kasuwa ba. A kira su a zauna, a nuna musu alamun da in sun gani za su kwance ɗauri su tura asibiti a daren, ya fi amfani.

Ita ma sana'ar tana da nata laifin. Ƙarfinta da yawa ya tafi a jayayyar muƙami da matakin albashi tsakanin gamayyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU da ƙungiyar likitoci, da murnar mayar da karatun shekara shida mai laƙabin dokta. Haƙƙinsu ne su nema, ban ce ba. Amma duk ranar 8 ga Satumba, ranar fisiyo ta duniya, abin da aka saba gani shi ne tattaki da riguna iri ɗaya a babban birni, a yi hoto a watse. Ɗan majalisa ba ya jin yaren jijiya da tsoka. Yana jin cewa a mazaɓarsa akwai magidanta kaza da suka daina noma, da 'yan mata kaza da suka bar aji don jinya, kuma da ma'aikaci ɗaya da babur za a mayar da wasunsu gona. Wannan lissafi babu mai tattara shi sai su. Kuma suna da abokan tafiya da ba su cika nema ba: ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, waɗanda suka yi gwagwarmaya har aka sa hannu a dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019, kuma yanzu hukumarsu ta ƙasa tana hannun Ayuba Gufwan, wanda shan inna ta taɓa shi da kansa, ya kuma shafe shekaru yana ƙera kekunan guragu a Jos. Wa'adin shekara biyar da dokar ta ba gine-ginen gwamnati su yi hanyar keke ya cika tun Janairun 2024, ga shi har yanzu akwai asibitocin da sai an ɗauki majinyaci an haura da shi matakala.

Ko an cika sashen Kafanchan da ma'aikata, saura tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kawo wanda ba ya iya zama a kan babur daga Manchok ko ƙauyukan bayan dutse yana nufin shatar mota ko Keke Napep, da mutum biyu masu riƙe shi da za su bar aikinsu, sau biyu a mako. Iyali kan yi zuwa uku ko huɗu su sare, a rubuta cewa majinyaci ya daina zuwa. Ya fi sauƙi mutum ɗaya mai lafiya ya hau babur ya je inda ashirin marasa lafiya suke: rana ɗaya a mako a cibiyar mazaɓa, a daidaita ta da ranar kasuwar garin lokacin da abin hawa ke samuwa, a kafa sandunan koyon tafiya guda biyu da kafinta ko mai walda na gari zai iya haɗawa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ake ta maganar kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa isa hannunsu kai tsaye, kuma lafiya matakin farko tana cikin aikinsu. Babur ɗaya da mansa da alawus ɗin ma'aikaci bai fi ƙarfin Kaura ko Jama'a ko Zangon Kataf ba. Ranar 1 ga Janairu, lokacin bikin Afan, shugabannin ƙananan hukumomin da 'yan majalisa da manyan 'ya'yan Kagoro na Abuja duk suna zaune a rumfa ɗaya, kuma ana ba ƙungiyoyin ci gaban gari damar karanta buƙatunsu.